Maganin cire ƙurar ƙarfe daga fentin mota: na ruwa, na jel, na asid ko na sabulu, wanne ya kamata ka ɗauka?

Duk mai farar mota ya san wannan abun ko da bai san sunansa ba. Ka wanke mota tas ta bushe, ka matso kusa da but ko ƙasan ƙofofi sai ka ga wasu 'yan ɗige-ɗige kamar tsinin allura masu kalar tsatsa, ka sa farce ka kankara su ƙi fita, ka ƙara sabulu su ƙi, har ka fara zargin ko bodin ne ya fara cin tsatsa daga ciki. Ni ma haka na zata farkon ganinsu, hankalina ya tashi sosai. Ashe bodin lafiyarsa ƙalau, ƙurar ƙarfe ce ta zo daga waje ta maƙale.

Mafi yawanta daga birki take fitowa. Faifan birkin yawancin motoci na baƙin ƙarfe ne, duk taka birki da ka yi fad, wato takalmin birki, yana gurzar faifan, ƙananan ɓurɓushi masu zafi su tashi su sauka a kan wili da gefen mota da bayanta, ga kuma na motocin da ke gabanka a hanya. In kana ajiye mota kusa da layin dogo ko wajen masu walda da gurza ƙarfe to abun ya ninka. Har sabuwar mota dal takan zo da shi in an ɗauko ta a jirgin ƙasa. Ɓurɓushin yana shiga cikin kiliya, wato wannan fentin sama marar kala mai sheƙi, in ruwa da iska suka taɓa shi sai ya yi tsatsa, tsatsa kuwa kumbura take ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi girma, shi ya sa take ƙara kafewa a ramin. Kiliyar nan kuma kaurinta bai wuce maikron 40 zuwa 50 ba a yawancin motoci, bai ma kai kaurin silin gashi ba, don haka duk abun da za ka yi mata da gurza ka sani kana ci ne daga ɗan abun da ba ya dawowa.

Kafin ka sayi komai gwada wannan. Bayan wanki, zura hannunka cikin siririyar leda ka shafa bonet a hankali. In ka ji kamar kana shafa yashi-yashi to akwai datti a kafe. A baƙar mota ma yana nan, ido ne kawai ba ya gani.

To yanzu maganin. A kasuwa za ka gansu da sunaye kala-kala har kanka ya ɗaure, amma in ka juya kwalbar ka karanta bayanta, gida biyu ne kawai. Akwai masu canza kala zuwa shunayya, akwai masu asid da ba sa canza kala. Sauran bambancin na kauri ne da abun da aka haɗa musu.

Masu canza kalar sinadarinsu ɗaya ne kusan duka, gishirin tayogilaikolik asid, wani na sodiyam wani na amoniyam. A jikin kwalba za ka ga an rubuta thioglycolate ko mercaptoacetate, abu ɗaya ne sunan ne biyu. Dangin sinadarin nan ne ke cikin man cire gashi da maganin naɗe gashi na salun, shi ya sa in ka fesa warin zai tuna maka da wajen, wari ne na sulfa kamar ruɓaɓɓen ƙwai, kuma wlh duk turaren lemo ko na ceri da kamfani zai zuba masa yana nan a ƙasa yana jiranka. Aikinsa shi ne ya kama tsatsar da ke kewaye da ɓurɓushin ya mai da ita abun da ruwa ke narkarwa, ɓurɓushin ya saki ramin, ka wanke ya tafi. Haɗuwarsa da ƙarfe ita ke ba da shunayyar nan da ke zuba a jikin mota kamar jini. Ba ma masu mota suka fara gano wannan ba, a ɗakin gwaje-gwajen magunguna an daɗe ana amfani da wannan canjin kalar wajen gane ko akwai ƙarfe a cikin abu. pH ɗinsu, wato ma'aunin ƙarfin asid, yana zagaye da 7, tsaka-tsaki kenan, shi ya sa ake iya fesa su a fenti ba fargaba.

Na farko a gidan nan shi ne na ruwa, sirara kamar ruwan wanke gilas. CarPro IronX, Gyeon Q²M Iron, Bilt Hamber Korrosol, Koch Chemie Reactive Rust Remover, duk wannan layin ne. In bodin mota gaba ɗaya za ka yi, nan nake tsayawa gaskiya. Yana bazuwa da sauri, feshi kaɗan ya rufe ƙofa guda, yana shiga lungun bajo da gefen roba, kuma ɗauraye shi ba wahala. Matsalarsa ɗaya ce amma babba ce, ba ya zama. A bonet da rufi yana kwanciya ya yi aikinsa, a ƙofa kuwa kafin ka zagayo rabinsa ya gangara ƙasa, wanda ya rage kuma ya fara bushewa, alhali sinadarin yana buƙatar kamar minti 3 zuwa 5 yana jiƙe kafin ya ci tsatsar yadda ya kamata. Dabarar da na koya da kaina ita ce in fesa kashi-kashi, gefe ɗaya in gama in ɗauraye sannan in koma ɗayan, kuma bayan minti biyu in bi da jiƙaƙƙen soso mai laushi in baza shi, ba gurzawa ba fa, bazawa kawai, sai ka ga kwalba ɗaya ta yi maka wanki biyu ko uku maimakon ka zazzage ta rana ɗaya.

Akwai gardamar da ba ta ƙarewa, a jiƙaƙƙiyar mota za a fesa ko a busasshiya. In motar na ɗigar ruwa kana tsarma maganin da ka saya da kuɗinka ne kuma yana saurin zamewa. In ta bushe ƙarau ya fi ƙarfi amma ya fi saurin bushewa. Ni nakan bari ruwan ya tsane, ta yi ɗan damshi-damshi, shikenan.

Sai na jel mai kauri. Valet Pro Dragon's Breath misali ne, CarPro ma suna da IronX Paste wanda ya fi kauri har ana shafa shi ne a waje ɗaya. Sinadarin dai shi ne, an ƙara masa abun kauri ne don ya manne. A wili nan ne yake nuna kansa, saboda wili a tsaye yake, ga lungu ga ƙurar birki ta shekara da shekaru da ta gasu a can cikin wilin, na ruwa kafin ya yi wani abu ya zube ƙasa, jel kuwa ya kama ya zauna, ba ya saurin bushewa, ka samu lokacin sa buroshi. Haka in akwai wani ɗigo mai taurin kai a ƙasan ƙofa ko bayan mota, ka ɗora masa ka ba shi lokaci. Amma ka ce za ka yi duk bodi da jel, toh ka shirya, hannunka zai gaji da matsa feshi, zai fito guda-guda maimakon ya bazu, za ka ci kwalba da yawa, sannan ɗaurayewa sai da injin feshin ruwa mai ƙarfi don yana ɓuya a bayan hannun ƙofa da ƙarƙashin madubi, ka gama ka goge mota ka koma gefe sai ka ga wani siririn layin shunayya yana gangarowa daga madubi kamar yana maka dariya.

Kusa da jel akwai masu wanke wili da aka sa wa sinadarin cire ƙarfe a ciki, irin su Sonax Full Effect da Bilt Hamber Auto-Wheel. Mutane na yawan rikita su da na bodi tunda duk shunayya suke yi. Bambancin shi ne waɗannan an ƙara musu sabulu mai yanka maiƙo, domin dattin wili ba ƙarfe kaɗai ba ne, akwai maiƙon hanya da baƙin roba. In wili ne kawai damuwarka su sun fi maka tsantsar maganin ƙarfe, don shi tsantsar ba ya wanke maiƙo sosai, in ma akwai maiƙo a sama ba zai kai ga ƙarfen ba. A fenti kuwa sai in kwalbar ta ce ana iya yi, kuma ka sa a ranka in akwai waks a motar, wato kakin da ake shafa wa fenti don kariya da sheƙi, zai iya rage masa kwana.

Na sabulu, kamar IronX Snow Soap, wanda ake zubawa a bokiti ko a kwalbar kumfa. Ba zan daɗe a kansa ba. Da zarar ka tsarma shi da ruwa ƙarfin ya ragu, ba zai fitar da ɗigon da ya shekara ba. Amfaninsa ga wanda motarsa ta riga ta tsarkaka ne, musamman mai kotin ɗin siramik, wato rufin kariya mai tauri da ake shafawa a kan fenti, da ke so duk bayan 'yan makonni ya hana ƙurar taruwa. In ka saye shi don gyaran motar da ba a taɓa yi wa ba, za ka ce maganin ƙarya ne, alhali kai ka aike shi inda ba a aikensa.

Haka masu haɗa biyu a ɗaya, ƙarfe da kwalta, irin CarPro TRIX. Kwalta da mai narkarwa take fita, ƙarfe da sinadari mai ruwa, su biyun kuwa ba sa son zama tare, shi ya sa sai ka girgiza kwalbar sosai kafin ka fesa kuma kana yi kana sake girgizawa. Ga mai sauri da motar da dattinta kaɗan ne, yana rage aiki. In kwalta ta yi yawa a gefen mota ko ƙarfe ya yi yawa, ni na fi ganin a raba su kowa ya yi aikinsa, sakamakon ya fi kyau.

Yanzu gida na biyu, masu asid, a nan ne nake so a nutsu. Mafi yawansu okzalik asid ne, wanda masu aikin katako ke cire tabon tsatsa da shi, Autosmart Fallout Remover misali ne. Tun kafin masu shunayya su cika kasuwa da irinsu ake yi, kuma har yanzu masu wanke motoci da yawa a rana da masu karɓar sabbin motoci suna amfani da su saboda ana tsarma su da ruwa, jarka ɗaya ta daɗe, ba su da warin ƙwan nan, kuma in mota ta sha ƙura mai yawa, irin wadda aka ajiye wata da watanni kusa da inda ake gurza ƙarfe har rufinta ya koma kamar sanfefa, suna cin aikin da na tsaka-tsaki zai buƙaci zagaye uku ko huɗu. Sai dai ba sa nuna maka komai, babu kala, da agogo da gwajin ledar nan za ka gane ko ya yi. Kuma asid asid ne. In ya bushe a jiki yana barin farin tabo, yana iya dusashe alminiyam da ba a rufe ba da kwalliyar gefen gilas, waks ɗinka kuwa ka yi masa sallama, kuma dole ka bi da wankin sabulu sosai bayansa. Wanda yau ne farkonsa ban ba shi shawara ba.

Kar kuma a rikita okzalik da wasu masu wanke wili masu haidrofulorik asid ko amoniyam baifulorayid. Waɗannan wani abu ne daban, suna cin gilas, suna ratsa fata su kama sinadarin kalsiyam na jiki, kuma mugun abun shi ne zafin ba lallai ka ji shi nan take ba sai bayan sa'o'i. In ka ga jarka ba bayanin abun da ke ciki, an ce dai tana sa wili ya yi fari nan da nan, ajiye ta. Babu wilin da ya kai yatsunka.

To ina kile, yumɓun nan da ake shafa fenti da shi? Wasu na cewa ai in kana da shi ba ka buƙatar magani. Kile yana aiki ne da gurza, yana aske kan ɓurɓushin ko ya tumɓuke shi, kuma yana cire abubuwan da maganin ƙarfe ba ruwansa da su, kamar feshin fenti da ya sauka daga wani waje da ragowar ƙaron bishiya. Amma ka yi tunani, duk ƙarfen da ya tumɓuke yana cikin yumɓun kana jansa a kan kiliya, abun da ke kawo ƙananan zane kenan da sai folish ya fitar. In ka fara da magani ya narkar da mafi yawa, kile ya zo ya tarar da saura kaɗan, zanen ya ragu. Don haka jerin da nake bi shi ne wanki, maganin ƙarfe, maganin kwalta, sannan kile in har leda ta ce akwai saura, sai folish, sai abun kariya. Wasu na gabatar da kwalta kafin ƙarfe, ba laifi, in kwaltar ta rufe waje ma hakan ya fi. Mai kotin ɗin siramik kuwa ya tsaya a magani, kile na iya zana masa kotin ɗin. Haka mai fenti marar sheƙi, don shi in ya zanu ba a folish ɗinsa.

Abun da ya fi ruɗin mutane wajen zaɓe shi ne kalar nan. Ka ga bidiyo an fesa magani wili ya yi shunayya tiƙ sai ka ce kai wannan ya fi kowanne ƙarfi. Ba haka ba ne fa. Fesa kowanne a wilin da ba a wanke ba zai yi jini sosai, saboda yana cin ƙurar da ke kwance a sama wadda ruwa da sabulu ma za su ɗauke, ka ƙona magani a banza kenan, wadda ta kafe a ƙasa ko taɓa ta bai yi ba. Gwajin gaskiya shi ne ka wanke tukuna, ka fesa, ka ɗauraye, ka sake fesawa a waje guda. In zagaye na biyu ya fito da ɗan ɗigo kaɗan ko babu, maganin ya yi aiki. In ya sake zuba kamar na farko, ko dai maganin rarrauna ne ko ba ka ba shi lokaci ba. Da haka nake gwada sabuwar kwalba, rabin but da ita rabi da wadda na saba, ba na duba wanda ya fi kala, ina duba wanda zagayensa na biyu ya fi tsabta.

Bari in faɗi wautar da na yi don kar wani ya maimaita. Wata rana na dawo daga tafiya, bonet da zafinsa, na wanke sama-sama na fesa na ruwa, sai waya ta shigo. Ban fi minti goma ba wlh. Na dawo na tarar ya bushe, layi-layi ruwan ƙasa-ƙasa a kan farin fenti, ruwa ya ƙi ɗauke su, gabana ya faɗi. Abun da ya cece ni shi ne na sake fesa sabon magani a kai ya jiƙa na busasshen, na bi da soso da sabulu, yawanci ya fita, amma baƙar robar da ke ƙasan gilas ta yi wani fari-fari da ya ɗau makonni kafin ya ɓace. Laifina ne ba na maganin ba, a jikin kwalbar an rubuta ƙarara kar a bari ya bushe kuma kar a yi a rana. Tun ranar sai a inuwa, sai na taɓa bodi da bayan hannu na ji sanyi, waya kuma tana cikin mota.

In zan taƙaita wa mutum zaɓi gwargwadon halinsa, wanda ke da mota ɗaya yana so sau biyu a shekara ya tsabtace fenti kafin ya sa waks, kwalbar na ruwa mai milimita 500 ta ishe shi, ya yi bodi da ita ya yi wili da ita. In motarka irin masu zubar da baƙar ƙurar birki ce sosai, kamar yadda yawancin motocin Jamus suke, ƙara da mai wanke wili mai kauri, ka bar na ruwan don bodi kawai. Mai siramik, na ruwa tsaka-tsaki duk bayan wata 3 zuwa 6, na sabulu a tsakani in yana so, sau da yawa ma in ka ga kotin ya daina tara ruwa ƙwaya-ƙwaya ba mutuwa ya yi ba, ƙura ce ta toshe shi, wanki ɗaya da maganin ƙarfe sai ka ga ya farfaɗo. Mai sana'ar wanki da ke karɓar motoci masu mugun datti shi ne zai ajiye okzalik a gefe, da safar hannu da tabarau. Kuma kar ka sayi jarka mai lita 5 don kawai ka ga ta fi sauƙi in mota ɗaya gare ka, sinadarin yana raunana in iska na shigarsa, kwalbar da aka buɗe aka bari a zafi shekara biyu ba za ta yi aikin sabuwa ba.

Ko wanne ka ɗauka, sa safar hannu, warin yana kama fata ya kwana biyu, kuma wasu fatarsu na yin ƙaiƙayi da shi. Kar ka yi a rufaffen gareji. Wilin alminiyam da aka goge ba a rufe da kiliya ba, da kalifa, wato maƙallin da ke damƙe faifan birki, da aka yi wa fentin gwangwani, da sitika, gwada a ɗan lungu tukuna. Jiƙa simintin da ke ƙarƙashin motar kafin ka fara sannan ka kore ruwan da kyau, in ba haka ba shunayyar na barin tabo a ƙasa. Kwalbar kuma kar ka bar ta a but, in ta ɗiga a kafet sai ka yi wata kana tuƙi gilas a sauke.

Bayan ka ɗauraye wili za ka ga faifan birki ya yi ja da tsatsa cikin 'yan mintuna, kar ka tsorata, ɗanyen ƙarfe ne ya sha ruwa. Ja motar a hankali ka taka birki sau uku huɗu zai goge kansa, sai dai tsatsar da ya goge a kan wilin da ka gama wankewa za ta sauka, don haka ni nakan yi wannan 'yar tafiyar tukuna kafin in bi wilin da tawul na ƙarshe.